Daga allon waya zuwa teburin mutum shida: yadda wata malamar likitanci a Katsina ta sauya koyar da ƙididdiga

Tushen lamarin, kafin 2020

Likita ce a fannin lafiyar al'umma, tana koyarwa a wata makarantar horar da likitoci a Katsina. Na yi aiki kusa da ita, na sha zama a bayan ajinta, shi ya sa nake iya ba da labarin. Darasin da aka damƙa mata shi ne ƙididdigar lafiya, wato ilimin da likita yake buƙata don ya karanta sakamakon bincike ya gane abin da lambobin suke faɗa da abin da ba su faɗa ba. Darasi ne da ɗalibai ba su ƙauna. Da yawansu sun zaɓi likitanci suna murnar sun rabu da lissafi tun daga sakandare, sai ga shi ya biyo su har nan.

Yadda aka koyar da ita haka ta fara koyarwa: allo, lacca ta awa biyu, da handawut cike da dabarun lissafi da ake haddacewa. Ɗalibai suna cin jarrabawa. Abin da ya dame ta a asibiti ta gan shi, wajen sababbin likitoci masu kawo mata tsarin bincikensu ta duba. Kusan kowa ya rubuta cewa mutum 384 zai bincika. Mai binciken hawan jini 384, mai binciken shayarwa 384, mai kwatanta magunguna biyu shi ma 384. Lambar tana da asali. Ita ce ke fitowa idan kana son kimanta kason mutanen da ke da wani abu guda a cikin jama'a, ka ɗauka rabin mutane ne ke da abin, ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, da amincin kashi 95. Idan tambayarka ta kwatanta rukuni biyu ce, lissafin daban ne. In ta tambaye su daga ina lambar ta zo, amsar ɗaya ce: "Malama, haka muka ga ana yi."

Haka kuma batun ƙimar p. Ɗalibi zai ga 0.03 ya ce magani ya yi aiki, ya ga 0.06 ya ce bai yi ba, alhali abin da lambar take nufi shi ne: in da a ce babu wani bambanci na gaskiya, mene ne yiwuwar a samu sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi nisa? Ba a Katsina kaɗai ake wannan tuntuɓe ba, domin a 2016 sai da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman tana jan kunnen masu bincike a kan fassarar wannan lamba. Manufar malamar dai ita ce kada ɗalibanta su fita da wannan hadda marar fahimta.

Janairu zuwa Disamba 2021: komawa intanet

A Maris 2020 aka rufe makarantu saboda korona, a watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Da aka koma a farkon 2021, zangon karatu ya matse, ga dokar ba da tazara. Ta nemi izinin shugaban sashe ta mayar da darasin kan intanet, ya amince. Tsarin: lacca ta Zoom sau ɗaya a mako, zauren WhatsApp don tambayoyi, da ɗan gwaji a Google Forms bayan kowane babi.

Cikas na farko na kayan aiki ne. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kafin kowa ya sake shiga an ci wani lokacin. Yawancin ɗalibai da waya suke shiga, ba da kwamfuta ba, kuma manhajar ƙididdiga ta SPSS da take son nuna musu ba ta hawa waya. Tebur mai layi goma a allon waya sai an yi ta jan sa da yatsa. Ga tsadar data, ga ɗauke wuta. Kowa ya kashe kyamara don data ta yi auki, sai ta zama tana magana da jerin sunaye. In ta ce "an gane?" sai a rubuto "eh Malama" a jere.

Bayan 'yan makonni ta bar laccar kai-tsaye, ta koma ɗaukar gajerun bidiyo tana turawa WhatsApp. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa sosai. Mai data ya sauke sau ɗaya ya tura wa abokan ɗakinsa, mai son maimaici ya maimaita sau biyar ba wanda zai yi masa kallon dolo. Wata ɗaliba mai goyo ta gaya mata cewa sai bayan sallar asuba take samun sararin kallo, kuma a karon farko ba a bar ta a baya ba.

Makin gwaje-gwajen Google Forms ya yi kyau ƙwarai, kyan da har ya sa ta zargi. Ta lura cewa kuskure iri ɗaya yana fitowa a amsoshin mutane da yawa, da kalmomi iri ɗaya. Daga baya wani ɗalibi ya gaya mata gaskiya: akwai wani zauren WhatsApp da ba ta ciki, inda mutum biyu ko uku suke warware tambayoyin su watsa.

A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-Ma, Jibiya da Batsari, kuma sai a Disamba aka fara maido da su. Birnin Katsina bai shiga ciki ba, amma duk ɗalibin da ya je gida a waɗannan wurare ya ɓace daga ajin har sai ya dawo.

A jarrabawar ƙarshe, wadda aka rubuta a zaure da biro da kalkuleta, tambayoyin lissafi tsantsa sun tafi daidai: matsakaici, karkata daga matsakaici, cike tebur mai gida huɗu. A nan har sun fi na shekarun allo. Tambaya ɗaya ce ta bambanta. Ta ba su sakamakon gwajin cuta ta ce su rubuta abin da za su gaya wa majiyyacin. Mafi yawansu sun rubuta lambobi daidai, suka fassara su ba daidai ba. An gudu ba a tsira ba.

Fabrairu zuwa Oktoba 2022: wata takwas na yajin aiki

Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022 jami'o'in gwamnati suna rufe. A wannan zaman ne ta karanta tsarin koyo a rukuni wanda Larry Michaelsen ya ɓullo da shi a Jami'ar Oklahoma a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ajinsa ya kumbura daga ɗalibai 40 zuwa 120. Makarantun likitanci sun ɗauke shi daga baya, kuma makarantar Duke-NUS ta Singafo ta gina karatun ɗalibanta a kansa.

Tsarin yana da matakai da ba a tsallakewa. Ɗalibi ya yi karatu kafin ya zo. Da shigowa ya amsa gajeren gwaji shi kaɗai. Sai rukuninsa na mutum 5 zuwa 7 su sake amsa tambayoyin nan tare, su ga sakamako nan take. Rukunin da bai yarda da amsar malami ba yana da damar ɗaukaka ƙara a rubuce da hujja. Malami ya yi ɗan bayani a kan inda aka fi faɗuwa kawai. Sauran lokacin duka a ba shi ga matsala ta gaske, iri ɗaya ga kowane rukuni, mai buƙatar a zaɓi amsa guda, kuma kowa ya bayyana zaɓinsa a lokaci ɗaya.

Ta kuma ci karo da wani bincike na 1978 da aka yi a asibitocin koyarwa na Harvard. An tambayi likitoci da ɗalibai 60: cuta tana kama mutum 1 cikin 1,000, gwajinta yana yi wa kashi 5 cikin 100 na masu lafiya ƙarya, to wanda gwaji ya nuna yana da ita, mene ne yiwuwar da gaske yana da ita? Amsar ita ce kimanin kashi 2. Mutum 11 ne kawai suka dace, kusan rabi suka ce kashi 95. Irin kuskuren ɗalibanta ke nan sak.

Ƙarshen 2022: rukunin farko

Da aka dawo ta raba aji rukuni-rukuni, amma saboda ƙurewar lokaci ta yanke wasu matakan. Ta bar ɗalibai suka zaɓi abokan zamansu, ta cire gwajin mutum ɗaya, wato wanda kowa yake amsawa shi kaɗai, ta ba kowane rukuni aikin rubutu mai shafuka ya kawo bayan mako.

Abokai suka haɗu da abokai. 'Yan gari ɗaya suka ware, mata suka yi rukuninsu, waɗanda ba Hausawa ba suka yi nasu, gwanayen lissafi suka taru wuri guda suka bar sauran. Aikin rubutun kuwa aka yanka shi kamar naman layya, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi ɗaki, aka haɗa ranar miƙawa ba tare da wani ya karanta na wani ba. A wani rukunin akwai magidanci da ya yi shekaru yana aikin jinya kafin ya dawo karatu. Yaran suna ce masa Yaya, kuma duk abin da ya faɗa ya zauna. Na ga wata ɗaliba ta rubuta amsa daidai a gefen littafinta, da ya faɗi akasin haka sai ta ja layi a kai ta yi shiru. Wannan tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a teburin nan ta hana yarinyar faɗin abin da ta sani.

Ɗalibai suka kai kuka wurin shugaban sashe cewa Malama ta daina koyarwa. Ya kira ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zango ɗaya in yi shi yadda aka tsara shi. In bai yi ba, in koma allo." Ya ba ta.

2023: haɗa biyun

Wannan karon ita ta raba su, mutum shida-shida, kuma rukunin bai canzawa har ƙarshen zango. Ta watsa gwanayen lissafi, ta watsa waɗanda suka taɓa aikin asibiti, ta tabbatar ba a bar mace ita kaɗai a tebur ba, sai biyu ko fiye. Bidiyoyin 2021 ba ta zubar da su ba. Ta sake yanka su, kowanne bai kai minti 10 ba, suka zama karatun share fage da ake turawa kwana uku kafin aji. Nunin yadda ake shigar da bayanai ta mayar da shi kan Epi Info, manhajar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka.

Aji yana farawa da tambaya 10 a takarda, kowa shi kaɗai, waya a jaka. Makin yana shiga sakamakon zango, don haka kallon bidiyo ya daina zama ganin dama. Tsarin asali yana amfani da wani kati da ake kankarewa kamar katin waya, in ka dace ka ga tauraro. Ba ta samu irinsa ba, sai ta buga nata a shagon kwamfuta, ta rufe gidajen amsa da salatif na takarda. Rukuni ya yi shawara ya ɓare guda. In ya dace a karon farko maki cikakke, in sai a na biyu maki ya ragu. Ɗan wannan salatif ya yi aikin da ban zata ba. Ranar da rukunin Yaya suka bi maganarsa suka ɓare suka ga wayam, sannan suka ɓare zaɓin yarinyar nan suka ga alama, shi da kansa ya juya ya ce, "Ƙanwata, daga yau ke za ki fara magana kafin ni."

Zaman da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gwajin ƙanjamau. Ta kawo alƙaluman binciken ƙasa na 2018, wanda ya nuna kashi 1.4 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar a Nijeriya, Katsina tana cikin mafi ƙaranci da kimanin mutum 3 cikin 1,000, Akwa Ibom kuma tana kan gaba da sama da kashi 5. Ta ce a ƙaddara akwai gwajin da yake gano 99 cikin masu cutar 100, yake kuma wanke 99 cikin marasa ita 100. Wani saurayi a Katsina ya je gwajin kafin aure, ba shi da wata alama, gwajin farko ya nuna yana da ita. Mene ne yiwuwar da gaske ne? Zaɓi huɗu ta bayar, kowane tebur da katunansa huɗu.

Minti goma sha biyar zauren ya kaure da musu, kuma da Hausa ake yinsa, sai teburin da ke da wanda ba ya ji sosai, can ana cakuɗawa da Turanci. Ta ƙyale su, sharaɗinta kawai a ba da rahoto da Turanci tunda da shi za a yi jarrabawa. Da ta ce a ɗaga, yawancin tebura suka ɗaga katin kashi 99. Biyu suka ɗaga na "ƙasa da kashi 25". Ba ta faɗi wanda ya dace ba, ta ce su kare kansu.

Wani ɗalibi daga tebur na ƙarshe ya tashi ya ce, "Malama, mu barin kashi-kashi muka yi, muka ƙirga mutane. A tara mutum dubu a filin Idi. Uku ne masu ita, gwaji zai kama su. Saura 997 lafiyarsu ƙalau, amma gwajin zai yi wa ɗaya cikin ɗari ƙarya, wajen mutum goma ke nan. Waɗanda aka ce suna da ita sun zama 13, na gaskiya uku." Zauren ya yi tsit. Sai wata daga teburin da ya ɗaga 99 ta ce, "To ashe a Akwa Ibom amsar daban ce?" Suka lissafa a take: wajen 55 na gaskiya, wajen 9 na ƙarya, kusan shida cikin bakwai. Gwaji ɗaya, gari biyu, ma'ana biyu. A nan malamar ta sa baki, ta ce wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar ƙasa ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci da gwaji ɗaya ba sai an tabbatar da na biyu, kuma likitan da bai fahimci haka ba yana iya rusa aure da kalma ɗaya.

Wani makon sikila ta kawo: ma'aurata masu AS da AS, ɗansu na fari ya zo da SS, suna tambaya ko ukun da za su biyo baya sun tsira tunda an ce ɗaya cikin huɗu ne. Tebura biyu sun ce eh kafin 'yan'uwansu su nuna musu cewa kowane ciki da nasa lissafin, ɗaya cikin huɗun nan sabo yake dawowa.

Ba komai ne ya tafi sumul ba. Makin da ɗalibai suke ba junansu a kan gudummawa bai yi amfani ba, kowa cikakke yake ba kowa don kada a ɓata zumunci, sai ta maye gurbinsa da tambaya biyu a rubuce ba suna: me wane ya yi da ya taimaka, me kake so ya ƙara. Zauren kuma kujerunsa a kafe suke suna kallon allo, sai da aka nemi aron wani ɗaki mai tebura.

Sakamako da abin da na fahimta

A jarrabawar ƙarshen zangon ta sake sa tambaya irin ta 2021, ta fassara sakamako ga majiyyaci. Wannan karon mafi yawansu sun fassara daidai, da yawa kuma sun zana mutum dubu a gefen takarda. A ɓangaren lissafi tsantsa ba ta ga wani bambanci da 'yan 2021 ba. A ƙaramin binciken ƙarshen darasi, 384 ta fito a inda ta dace, wasu rukunan kuma suka kawo wasu lambobin tare da dalilinsu. Shugaban sashe ya bar tsarin ya ci gaba.

Ita kanta ba ta yarda a ce ta tabbatar da wani abu ba, kuma ina ganin gaskiyarta. Ajin 2021 daban, na 2023 daban, ba a raba su da ƙuri'a ba. Na farko sun yi karatu cikin annoba da katsewar sabis, ita ma malamar ta ƙara gogewa a tsakani, kuma ita ta koyar ita ta yi maki. Duk ɗalibinta da ya kawo mata irin wannan kwatanci a matsayin hujja, da ta mayar masa da takardarsa.

Duk da haka, abin da na gani da idona yana da bayani. Ƙididdiga kashi biyu ce a cure. Akwai aikin hannu, wato yadda ake lissafi da inda ake latsawa a manhaja, kuma wannan bidiyo ya fi malami iya koyar da shi, don ba ya gajiya da maimaici kuma yana jiran mai goyo har asuba. Akwai kuma fassara, inda matsalar ba rashin sani ba ce, sani ne karkatacce da mutum yake riƙe da shi yana ganin daidai ne. Wanda ya yi imani gwaji mai kashi 99 yana nufin tabbacin kashi 99 zai kalli bidiyo sau goma ya ji ya gane, domin babu abin da ya tilasta masa furta tunaninsa a gaban wanda zai ce masa a'a. A 2021 babu inda kuskuren zai fito fili. A ƙarshen 2022 an zauna tare, amma zaɓen abokai da rarraba aiki da kunyar manya suka rufe shi. Abin da ya buɗe shi a 2023 ƙananan abubuwa ne: gwajin mutum ɗaya da ya sa kowa ya zo da ra'ayinsa, tilascin tebur ya tsaya a kan amsa guda, salatif da ke nuna gaskiya nan take ba tare da duba shekarun kowa ba, da damar yin musu da harshen da mutum yake tunani da shi.

Tsarin yana da tsada ta wani gefen. Rubuta matsala guda mai kyau, wadda amsoshinta huɗu duka suke kama da gaskiya, yana cin mata lokaci fiye da shirya lacca biyu, kuma ba ta iya gama duk babukan da take gamawa a da. Tazarar aminci, wato iyakar ƙasa da ta sama da ake sa wa ƙiyasi, har yanzu tana ba ɗalibai wuya, ba ta samo mata misalin da ya kama kamar na filin Idi ba. Da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 a Janairu 2025, ta ƙara matse bidiyoyin, ta kuma ajiye kwafinsu a kwamfutar sashe don wanda ba shi da data ya zo ya ɗauka. Ajin yana ƙara girma kowace shekara, tebura sun fi ƙarfin zagayen mutum ɗaya, don haka yanzu tana horar da ƙananan likitoci biyu su taya ta. Abin da ta fi nanata musu shi ne in tebur ya kira su yana neman amsa, su tambayi wanda bai yi magana ba tukuna me shi ya zaɓa.